Tsakanin Korama Biyu

Ranar wata Asabar, kwana uku da gama yankan gero, a shekarar da na shiga aji biyu na firamare, kakana Baba Ilu ya zungure ni da ƙafa tun ban gama suɗe ƙwaryar koko ba. Yana tsaye a bakin zaure cikin tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, malafa a ka, gora a rataye, ya ɗaure bakin wandonsa da igiyar rama saboda ƙarangiya. "Tashi, malalaci, mu tahi in gani ko ƙahwahun nan naka na ado ne," in ji shi. Kakata, wadda muke kira Inna, tana durƙushe gaban murhu tana hura wuta. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma tambayi inda za mu ba, ita da ko bakin rijiya za ni sai ta ji dalili. Ta dai ƙulle mana ƙuli-ƙuli da dafaffen rogo a tsumma, ta miƙo ta baya, ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido. Na karɓa ina tsalle, don a ganina yawo za mu, kuma duk yaran layinmu na Ƙofar Guga babu wanda ya taɓa wuce gonakin bayan ganuwa.

Gara in faɗi tun yanzu abin da ban sani ba a ranar, don kada mai karatu ya yi tafiyar a makance kamar yadda na yi ta. Kabarin mahaifiyata yana kan wannan hanya, kuma Baba Ilu ne kaɗai ya rage a duniya wanda ya san wurin. Ta rasu ranar da ta haife ni, shi ya sa ake ce mini Talle, ko da yake sunana na yanka Isuhu ne. A lokacin su Baba suna zaune a wani ɗan ƙauye yamma da birni, ita kuma ta je gida haihuwar fari kamar yadda aka saba. Jini ya ɓalle mata, aka ɗora ta a amalanke aka nufo asibitin birni cikin tsakiyar damina, aka bar Inna da jariri. Sun haye korama ta farko ke nan sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ta gabansu ta cika ta batse, ta bayansu ma haka, suka maƙale a tsakani, rai ya yi halinsa a nan. Wasu matan Fulani da ke ruga kusa suka yi mata wanka, maza huɗu suka haƙa suka rufe ta, don ruwan bai janye ba sai da ya kwana biyu. Mahaifina direban babbar mota ne, yana kudu, bai iso ba sai bayan addu'ar bakwai, shi ma kuma bai daɗe ba ya bi ta. Mutum ukun da suka kama wa Baba haƙa, ɗaya bayan ɗaya ƙasa ta rufe musu ido. Ita kuwa Inna, mace ba ta zuwa kabari. Daga baya rijiyar ƙauyen ta ƙafe, mutane suka watse, su Baba suka ɗauko ni suka shigo birni, wurin ya koma kufai har sunansa ya ɓace, kowa Kufai yake ce masa.

To me ya hana tsoho ya kama hannun jikansa ya ce ga uwarka nan? Wanda bai tashi cikin mutanenmu ba zai ɗauki abin wasa. Mahaifiyata ita ce 'yar farinsu, mutanen su Baba kuwa ba su faɗin sunan ɗan fari, ba su yi masa wasa a gaban jama'a, ba su nuna sun damu da shi ko da ciwo zai kashe shi. Mutuwa ba ta ɗage wannan kunya ba, nauyi ma ta ƙara mata. In magana ta tilasta, Inna takan ce "waccan", Baba kuwa ko wannan ba ya iyawa, sai ya sunkuya ya nemi abin yi. Sau ɗaya na taɓa tambayar Inna kamannin uwata. Ta ajiye rariya ta shige ɗaka, ba ta fito ba har kaji suka yi wa garin ta'adi, ni ma daga ranar na kama bakina. Ga shi kuma ni jika ne, tsakanin jika da kaka kuwa sai tsiya da ba'a. Shi yana kirana ɓarawon mata, wai ina neman ƙwace masa Inna da ɗan wandona mai faci, ni kuma in ce masa ya tsufa ya ƙi mutuwa ya tsare wa mutane wuri. Muna iya yin haka tun safe har yamma ba mu gaji ba. Amma magana ta gaske ba ta da ƙofar da za ta bi ta wuce tsakaninmu.

Sana'arsa tufkar igiya ce, ta rama da ta kaba, yana kaiwa Babbar Kasuwa wurin masu jakuna da masu guga. Aikina in na taso daga makaranta shi ne in riƙe masa bakin igiya a tsakar gida yana murzawa a cinya, in jiƙa rama a tsohuwar randa, in yanko wa akuyar Inna ciyawa a gindin ganuwa, in kuma cika tuluna biyu kafin la'asar. In na kuɓuta sai fili, wurin langa da ƙwallon tsumma da harbin ƙadangaru da danƙo. Ni yaro ne mai rawar kai, wannan ba sai an faɗa mini ba. Malamin ajinmu ya taɓa cewa in aka ɗaure ni a benci, bencin zai tashi ya bi ni waje.

Muka fita ta ƙofa rana ba ta yi zafi ba. A lokacin ganuwa tana nan da sauranta, ko da yake masu gini sun ciccinye ta, ga ramuka ko'ina inda aka kwashi jar ƙasa. Baba ya sa na hau kanta na duba gabas da yamma, ya ce a zamanin kakansa in rana ta faɗi aka ja ƙyaure, ko ɗan wane ne kai a waje za ka kwana da kuraye. Ya nuna mini ramin da ke bin gindinta, wanda muke zubar da shara ciki, ya ce da ƙaya aka cika shi don dawakin abokan gaba. Daga nan muka shiga gonaki. An yanke gero an jera dammuna, dawa kuwa tana tsaye ta fi raƙumi tsawo, wake ya yaɗu a ƙarƙashinta, iska tana kawo ƙamshin ɗanyar gyaɗa da ake cira. Kowa muka tarar sai Baba ya tsaya, a gaisa a tambayi gida da iyali da gajiya da ruwa da amfanin bana, ni kuwa ina gefe ina tsinke ƙarangiya daga ƙafa ina jin kamar in yi kuka don ƙosawa.

Ashe bakin tsohon nan rumbu ne. A gida ban san shi da dogon zance ba sai tsokana, amma a hanya ko dutse bai wuce ba tare da ya ba shi labari ba. Ya ratse da ni cikin sabara ya nuna mini wasu ramuka a jere, bakinsu ya yi baƙi-baƙi, ya ce tsohuwar marina ce, nan ake rina shuɗin da Buzaye ke naɗawa. Ya tona ƙasa da tsinin sandarsa ya ciro wani dunƙule mai nauyi mai ƙuraje, ya ɗora mini a tafin hannu, ya ce kashin tama ne, nan maƙeran farko suka narka ƙarfe tun ba a san Bature ba. Muka iso wata tsamiya wadda mutum biyar ba za su rungume ta ba, ya ce zangon fatake ne, ya nuna mini duwatsun murhunsu da gungumen bakin rijiyarsu wanda igiya ta yi wa zane mai zurfin yatsa. Nan ya daɗe yana shafa zanen, yana cewa igiyar mutanen da can ba irin ta yanzu ba ce. Gaba kaɗan akwai tsibin tsakuwa a mararraba, kowane matafiyi sai ya jefa tasa ya wuce. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Wanda yaf fara ya mutu da dalilinshi, kai dai jehwa taka." Na jefa guda biyar don in fi kowa.

Hantsi ya dubi ludayi muka sauka korama ta farko in an fito daga birni. Rairayi ne fari tas, ruwa ɗan siriri yana bin gefe ɗaya, balbelu suna tsaye a ciki, ga sawun shanu ko'ina. Muka tona muka sha, muka cika gora, muka haura. Daga hayin nan zuwa korama ta biyu tafiyar kamar sa'a guda ce, kuma duk hanyar babu inda ya kai nan kyau. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ga ɗinya da kanya da marke a warwatse, geza da kalgo sun cika tsakani, fakara tana tashi daga ƙarƙashin ƙafar mutum, kurciya tana kuka ta ko'ina. Nan ne kuma bakin Baba ya mutu. Tun da muka haura bai ƙara nuna mini komai ba, carbi kawai yake ja, leɓunansa suna motsi kamar yadda suke yi kullum. Ni ko a jikina, don ɗinya ta nuna ta yi baƙi ƙirin, fara kuma ta ƙoshi ba ta iya tashi da nisa. Na bar hanya na shiga daji.

Sau ɗaya ya tsaya a wannan shekarar. Wannan na tabbata da shi kamar yadda na tabbata da sunana. Ina kan reshe, bakina baƙi, aljihuna ya jiƙe, na hango shi can nesa ya ba ni baya, ya dogara da sanda, ya sunkuyar da kai. Na ƙwala masa, "Tsoho ya gaji! A kawo jaki!" Bai rama ba. Can na ji muryarsa a dishe yana cewa, "Talle, taho nan." Na ce sai na cika ɗaya aljihun. Ko da na sauko na bi shi da gudu, ya riga ya yi gaba, yana fyace hanci da gefen riga, ya ce mini mura ce ke son kama shi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni ɗinya na hau, kuma ban hango komai ba sai bayan tsoho da kara da geza, irin waɗanda suka cika wurin tun daga wannan korama har waccan.

Muka haye ta biyu muka isa Kufai da azahar. Babu komai sai kukoki uku da tudun rusassun ɗakuna da tumfafiya ta rufe, da fasassun tukwane, da rijiyar da ta kore su, jemagu sun yi gida ciki. Nan bakinsa ya dawo. Ya nuna mini inda zaurensa yake, da inda Inna ke daka, da ɗakin da aka yanke mini cibi, har ya ce tun ranar ya gane ɓarawo aka haifa, don hannuna a dunƙule na zo. Muka yi salla, muka ci rogo da ƙuli, ya tsinko wa Inna ganyen kuka, muka juyo. Na shigo gida da magariba ƙafafuna sun yi tsami, amma washegari na tara yaran layi na cika musu kunne da kuraye da fatake, na nuna musu kashin tama, har wani ya ba ni danƙonsa don ya riƙe shi na wuni ɗaya.

Shekara biyar muna wannan tafiya, kowace kaka in an yanke gero. Na haddace hanyar har ina riga shi faɗin labarin, in ya yi kuskure in gyara masa, shi kuma ya ce ga ƙwai ya fi kaza wayo. Sai dai ƙirjinsa ya fara ba shi wahala. Tsayuwar nan guda ɗaya ta tsakanin koramu ta zama biyu, ta zama uku. Yakan tsaya a gindin wani marke, ya tsaya kusa da wani babban suri, ya tsaya a iyakar wata gona mai layin gamba, kuma ko'ina tsayuwar iri ɗaya ce, kai a sunkuye, nauyi a kan sanda, leɓe yana motsi. Biyu na numfashi ne, ɗaya ta 'yarsa ce. Wani lokaci ina tsaye a gefensa ina tauna kara, ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya ce in daina tsayuwa kamar zalɓe, mu tafi. Yanzu na gane a tunaninsa yana nuna mini ne. Yana ganin yaro mai wayon haddace labarin fatake ba zai kasa karanta shirun kakansa ba. Inna kuma a gida tana ganin tun tafiyar farko an gama magana. Ni kuwa ina ganin tsufa ne kawai, har ina ƙirga masa tsayuwar da ƙarfi don in ba shi haushi.

A shekara ta shida na shiga sakandare, na fara jin kaina. Abokai suka sa ni gaba da tsiya, wai ɗan rakiyar tsoho, mai yawon kufai, har wani ya laƙaba mini Sarkin Jemagu. Asabar ɗin ta zo daidai da wasan ƙwallo tsakanin layinmu da wata unguwa, an kuma ce ni zan tsare gida. Tun ranar Juma'a da dare Baba ya ce in shirya, na ce to. Da aka idar da sallar asuba sai na zame ta bayan masallaci, na tafi gidan abokina na laɓe a ɗakin yayansa. Daga baya na ji cewa ya zauna a dakalin ƙofar gida da malafarsa da gorarsa har rana ta take, duk yaron da ya gifta sai ya tambaye shi ko ya ga Talle. Bai taɓa jiran kowa haka ba. Da ya gaji ya tashi ya tafi shi kaɗai cikin tsakar rana. Mu kuwa aka zura mana uku, biyu ta tsakanin ƙafafuna.

Bai dawo ba sai bayan la'asar, a kan jakin wani mai itace wanda ya tsince shi kwance a bakin korama. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Aka kai shi asibiti, suka ce hawan jini ne, suka ba da magani aka dawo da shi gida. Wata bakwai ya yi a kan tabarma a ɗakin zaure, ni nake juya shi, ni nake ba shi kunu da ludayi, ni nake zubar da abin da ya kamata a zubar. Hankalinsa garau, idonsa yana bina duk inda na yi, amma harshe ya ƙi. In na matso sai ya cafke wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya, hannun mai tufka, har sai na ji ƙashi, ya yi ta gurnani yana nuna yamma da haɓa, miyau yana zuba, hawaye yana bin kunnensa. Ni kuma in miƙa masa buta, in ya ture in miƙa masa carbi, in ya ture in gyara masa matashi. Har cewa nake yi, "Ka ga alhakin kishi ko? Ga ni ga Inna yanzu." Ina yi ne don ya yi dariya, wallahi don ya yi dariya nake yi. Ya rasu da farkon bazara, ranar wata Talata da hantsi, aka kai shi maƙabartar unguwa, wurin da kowa ya sani.

Damina ta zo ta wuce. Wata safiya ina ɗaure akuya, Inna tana sussukar ɗan geron da maƙwabta suka aiko mata, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Kaka ta yi, Talle. Yaushe za ka tahi?" Na ce ina? Ta ce, "Wurin waccan mana. Tunda shi ya tahi, ai kai ka rage." Igiyar ta suɓuce daga hannuna. A tsaye a wurin, cikin ƙiftawar ido, tafiyar shekara biyar ta juye mini a ka, da hayaƙin da ke shiga idon Inna kowace shekara, da murar da ke kama Baba a wuri ɗaya, da hannun nan da ke nuna yamma. Ta ba ni labarin amalanke da ruwan da ya tare su a taƙaice, tana magana da turmi. Na ce mata, "Gobe."

Na fita tun da sassafe ni kaɗai, ban tsaya kan ganuwa ba, ban dubi tsamiya ba, kusan gudu nake yi har na haye korama. Marken an sare shi, masu gawayi sun bar kututture da da'irar toka. Suri kuwa, da na zo nemansa da gaske sai na ga guda huɗu, kowanne yana kama da shi. Layin gamba an bi ta kansa da garmar shanu an haɗe gonaki biyu. Na yi ta kai da komo tsakanin koramun nan har sau uku, ina hawa kowace ɗinya ina duba ta inda na hango bayansa a shekarar farko, amma daga kowace bishiya abu ɗaya nake gani. Ina neman tudu, ko ɗan lotsawar ƙasa, ko tsinin fasasshiyar tukunya. Ruwan shekara goma sha huɗu ya bi ta kai. Wani manomi da ke ɗaurin dawa ya gaji da kallona ya kira ni, muka gaisa, na tambaye shi ko ya san wani kabari a nan. Ya ce shi baƙo ne, bai fi shekara shida da fara noman wurin ba, bai kuma taɓa tono komai ba. Da ya ga fuskata sai ya ce, "Yi haƙuri, samari. Addu'a ba ta ɓatan hanya." Na gode masa. Na je kututture na karanta abin da na iya, na je wurin surin da ya fi girma na karanta, na tsaya a tsakiyar gonar mutane na karanta. Ban ji komai ba a ko'ina sai kunya da yunwa.

Duk hanyar dawowa ina shirya ƙarya. Zan ce mata wurin yana nan lafiya, na share, na yi addu'a, shi ke nan ta samu kwanciyar rai. Amma da na shigo layi gab da magariba sai na hango ta tsaye a bakin zaure, ita da ban taɓa ganin ta leƙo waje ba, ta yafa tsohon zane, tana riƙe da ƙofa. Na kasa yi mata ƙaryar. Na ce, "Inna, ban san wurin ba. Bai taɓa hwaɗa mani ba." Ta dube ni kamar ba ta jin Hausa. Ta ce, "Shekara biyar?" Na ce wallahi. Ta ce, "Ranar da ka ɓoye, da asuba ya ce mani, yau zan hwaɗa mashi da baki, ko mi za ya zama. Na ɗauka ƙarin bayani za ya yi maka." Ta saki ƙofar ta sulale ta zauna a ƙasa, a nan bakin zaure, mutane suna wucewa masallaci. Ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Rakiya. Wayyo Rakiya, ɗiyata." Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ta yi ta maimaita shi da ƙarfi, har maƙwabta suka fito suna tambaya wa ya rasu.

Inna ta ƙara shekara huɗu, ba ta taɓa cewa laifina ne ba, ni kuwa ban taɓa daina faɗa wa kaina ba. Na ci gaba da zuwa kowace kaka ina tsayuwa uku, har lokacin da hanyar ta fi ƙarfin mai tafiya shi kaɗai. Yanzu inda muke tsinkar ƙarangiya gidaje ne da shaguna, ganuwa sai ka yi tambaya kafin a nuna maka ɗan guntunta, marina an cike ta an yanka fuloti, tsamiya ta shiga buhun gawayi. Hayin korama kuwa, manoma ma da addu'a suke shiga saboda 'yan bindiga, su yi abin da za su yi su fito tun rana tana sama. Da, yaro da tsoho suna iya wuni a dajin nan ba abin da zai tsorata su sai maciji. Kwanakin baya wasu ɗalibai masu son tarihi suka ji labarin na san tsohuwar hanya, suka roƙe ni in yi musu jagora a ƙafa iyakar inda ake iya zuwa. Na kai su, na ba su labarin ƙyaure da kuraye da maƙera da fatake, ban rage ko ɗaya ba, suna ɗauka a waya suna jinjina kai. Muka tsaya a bakin rairayi muna kallon hayi, ɗinya guda biyu da suka tsira suna can tsaye cikin rana. Wata yarinya a cikinsu, ba za ta wuce shekarun uwata ba lokacin da aka ɗora ta a amalanke, ta ce, "Malam, can kuma mene ne?" Na daɗe ina dubawa. Na ce mata gonaki ne kawai, mu koma kafin rana ta yi.

Wurin ne ban gada ba. Shirun kam na gaje shi duka.